Hanyar Fatake ta Bebeji

Hanyar fatake ta Bebeji ita ce tsohuwar turbar da ta fita daga birnin Kano ta yi kudu zuwa Zariya, ta ratsa ƙasar da a yau ake kira ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru. Gajeruwa ce, amma a ƙarni na 19 tana cikin jerin hanyoyin da suka haɗa teku biyu: Bahar Rum a Tarabulus, da Tekun Atlantika a Badagiri da Ikko. Babu ayarin da ke bin wannan jeri daga farko har ƙarshe. Larabawan Gadamas da Buzayen Azbin sukan sauke raƙumansu a Kano, daga nan fataken Hausawa su ɗauka da jakuna da takarkarai da 'yan alaro.

Game da asalinta, an yi saɓani. Kundin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara a 1908, ya ce Sarki Abdullahi Burja ne ya buɗe hanyoyi daga Barno zuwa Gwanja, kuma lissafin Palmer ya sa mulkinsa tsakanin 1438 da 1452. Shekarun nan ƙiyasi ne, an samo su ta hanyar ƙidayar tsawon mulkin sarakuna da baya da baya. Paul Lovejoy, wanda littafinsa kan fataucin goro ya fito a 1980, ya nuna cewa zirga-zirgar Hausawa kai tsaye zuwa kasuwannin Asante ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 18, ta kuma bunƙasa bayan jihadin 1804. Wannan ya fi dacewa da tarihin Agalawa da Tokarawa, waɗanda suka cika garuruwan kudancin Kano irin su Bebeji da Madobi, suka riƙe fataucin goro tare da Kambarin Barebari.

A wancan zamani, ayari yakan tashi da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, rafuka sun ja. Madugu ne shugaba: shi ke zaɓen hanya, shi ke ciniki da sarakunan ƙasashen da za a ratsa kan kuɗin fito da na wucewa. Jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da biyan kuɗi. Akan yi sammako, a sauka a zango kafin rana ta take, domin dabbobi su yi kiwo. Kayan tafiya su ne kanwa, turkudi da sauran baƙin rinin Kura, fatu da busasshen ganyen albasa. Daga Zariya a nufi kogin Kwara, a haye a wajen Yawuri ko Busa, a ratsa Bargu ta Nikki da Jugu, a biya Sansannen Mango da Yandi, a sauka Salaga. Zuwa kaɗai yana cin watanni, zuwa da dawowa kuwa yakan kai shekara. Wahalar dawowa ta fi ta zuwa, domin goro ba ya son iska mai bushewa. Sai an riƙa kwance huhu a hanya, a tsince wanda ƙwaro ya ci, a yayyafa ruwa, a sake naɗewa da ganye.

Bature na farko da aka rubuta cewa ya haɗa tekun biyu ta wannan turba shi ne Hugh Clapperton, ɗan Sikotland, kuma a tafiya biyu ya yi hakan. A ta farko ya taso daga Tarabulus a 1822 tare da Denham da Oudney, suka bi ta Murzuk da Bilma zuwa Kukawa. Oudney ya mutu kusa da Katagum, shi kuwa Clapperton ya shiga Kano ranar 20 ga Janairu 1824, ya wuce Sakkwato wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. A ta biyu ya bar Badagiri a Disamba 1825, ya biya ta Katunga, tsohon birnin Oyo, sannan Kayama, Wawa da Busa, inda Mungo Park ya halaka. Abokan tafiyarsa biyu, Pearce da Morrison, zazzaɓi ya kashe su tun a ƙasar Yarbawa. Ya iso Zariya da damina, ya sauka Bebeji a watan Yuli 1826, ya shiga Kano ranar 20 ga watan. Ya bayyana Bebeji da gari mai ganuwa a tsakiyar fili, mutanensa 'yan kasuwa, ya kuma ƙiyasta yawansu daga 20,000 zuwa 25,000. Adadin na baƙo ne mai wucewa, a riƙe shi da hannu biyu-biyu ba zai yiwu ba, amma ya isa shaida cewa garin ba ƙaramin zango ba ne.

Clapperton bai koma gida ba. Ya mutu a Sakkwato ranar 13 ga Afrilu 1827, baransa Richard Lander ne ya koma Badagiri da takardunsa. Akan manta da abu ɗaya idan ana ba da wannan labari: a kan doki da raƙumi ya yi yawancin tafiyar. Waɗanda suka taka ta da ƙafa su ne masu ɗaukar masa kaya, da bayin da ake korawa arewa da kudu, da matan fatake masu dafa tuwo a zango. Wanda ya ratsa daga teku zuwa teku a tafiya ɗaya shi ne Bajamushe Gerhard Rohlfs, daga Tarabulus a 1865 zuwa Ikko a 1867, sai dai shi ta Kukawa, Bauchi, Keffi da Lakwaja ya bi, bai ga Kano ba.

Akwai reshen hanyar Bebeji da ya yi kudu maso gabas ta Tudun Wada zuwa duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, inda ake haƙo kuza. Harin Ningawa ya hana shi sakat tun daga zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi.

Wasu na ɗora mutuwar hanyar a kan zuwan Turawa. Gaskiya ne ta nan rundunar Kanar Morland ta biyo daga Zariya. Ranar 1 ga Fabrairu 1903 Bebeji ta rufe ƙofa, aka harba igwa, ƙofar ta fashe, sarkin garin ya rasu a wurin. Bayan kwana biyu aka ci Kano, Sarki Alu yana hanyar dawowa daga Sakkwato. Amma fataucin ya fara rauni kafin nan. Ingila ta karya Asante a 1874, basasar Salaga ta 1892 ta watse kasuwar zuwa Kintampo da Kete Karachi, goro kuma ya fara bin jirgin ruwa zuwa Ikko. Alhassan Ɗantata, Ba'agale haifaffen Bebeji a 1877, yana cikin waɗanda suka fara kawo goro ta teku daga Ankara.

Layin dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi ga 'yan kasuwa a 1912. Ya bi ta Dangora da Madobi, ya bar garin Bebeji a gefe. Tafiyar da jaki ke yi cikin watanni ta koma ta kwanaki, manyan fatake suka koma birni sayen gyaɗa, Ɗantata a gabansu. Saboda haka shekarar da ta dace a rubuta a matsayin ƙarshen wannan hanya ita ce 1912, ba 1903 ba.