Inuwar da Ta Fi Ƙashi Girma

Tun ranar da Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki a Jamus a 1895, hoton ƙashi yake zuwa da aibi guda: ba ya nuna ƙashi daidai girmansa. Inuwa ce, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga hannu gaban fitila ya san yadda inuwar ke buɗewa idan hannun ya yi nisa da bango. Gaɓar kwatangwalo tana tsakiyar jiki, nesa da faifan hoton, don haka takan fito da ƙarin kusan kashi 20 cikin ɗari. Kwarmin ƙugu mai faɗin milimita 50 sai ya bayyana 60. A jikin mai ƙiba ƙarin ya fi haka.

Wannan bai dami mai duba karaya ba. Lamarin ya sauya ne bayan 1962, lokacin da John Charnley ya daidaita aikin sauya gaɓar kwatangwalo a asibitin Wrightington da ke Ingila. Gaɓar da ake dasawa girma-girma take zuwa, tazarar milimita 2 tsakanin kwarmi da mai bi masa. Idan ƙarfen ya yi ƙanƙanta sai ya yi sako-sako. Idan ya yi girma yana iya tsaga ƙashin cinya ana tsaka da tiyata. Kamfanoni suka buga zanen kayansu a kan roba garai-garai, da ƙarin kashi 15 zuwa 20, likita ya ɗora a kan hoto ya gwada. Zato ne dai, an ɗauki jikin kowa ɗaya.

Zuwan kwamfuta ya rushe wannan zaton, domin hoto a allo ba shi da tsayayyen girma. Maganin da aka samo ba shi da tsada ko kaɗan: a ajiye abin da aka san girmansa daidai tsayin gaɓar. A 2002 wasu likitocin Birtaniya suka yi amfani da sulallar peni goma; yau ƙwallon ƙarfe mai milimita 25 ne ya fi yaɗuwa. Matsalar tana wurin ajiyewa. Idan an ɗora shi a kan tebur ko bisa ciki, lissafin ya kuskure.

A Arewa masu bukatar wannan tiyata ba tsofaffi kaɗai ba ne. Sikila na toshe jinin da ke ciyar da kan ƙashin cinya har ya rube, sai ga matashi yana ɗingishi. Irin wannan majinyaci daga Damaga, Bakura ko Talata Mafara yakan bi ta Gusau ko Sakkwato, ko ya nufi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959. Sau da yawa ƙashinsa siriri ne, ramin ɓargon ya ƙuntata, ƙaramin ƙarfen da zai dace kuwa sai an yi odarsa tun kafin ranar aiki. Idan hoton da ya riƙo daga gida ba shi da alamar awo, sai an sake ɗauka.