Yaran Bagega da Abin da Gwajin Jini Bai Auna Ba

A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF da ke bin sawun cutar sanƙarau a yammacin Zamfara suka tarar ƙananan yara suna ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, bayan amai da shiɗewa. Gwajin jini ya nuna gubar dalma ce. Farashin zinare ya tashi a kasuwar duniya, jama'a suka riƙa kwaso duwatsun ma'adini suna niƙawa a injin niƙa, suna shanya garin a tsakar gida inda yara ke rarrafe, alhali duwatsun cike suke da dalma. An ƙiyasta yara kusan 400 ne suka rasu.

Alƙaluma ne suka jawo hankalin duniya. Binciken da hukumar CDC ta Amurka ta taimaka aka yi a Dareta da 'Yargalma a watan Mayu na 2010 ya gano cewa ɗaya cikin kowane yara huɗu 'yan ƙasa da shekara biyar ya rasu a cikin shekara guda. Ana auna dalma da maikirogiram a kowace desilita ta jini. A lokacin, 10 ma abin damuwa ne a Amurka, a 45 kuma ake fara ba da maganin fitar da gubar. Na'urar da aka kai ƙauyukan iyakarta 65, amma jinin akasarin yaran ya zarce abin da take iya karantawa.

Ba a iya yi wa yaro magani a mayar da shi gidan da ƙasarsa ke da guba, sai an fara kwashe ƙasar. An share ƙauyuka bakwai tsakanin 2010 da 2011, aka bar Bagega, wadda ta fi su girma, saboda rashin kuɗi. Gwamnatin tarayya ta yi alkawarin naira miliyan 850, amma kuɗin ba su fito ba sai farkon 2013, bayan matsin lambar Human Rights Watch da gangamin Follow The Money na Hamzat Lawal. A shekarar aka share Bagega, MSF ta fara ba yaranta maganin DMSA. Mace-mace suka ragu ƙwarai, kuma a 2022 ƙungiyar ta miƙa aikin ga hukumomin jihar.

Sai dai saukar dalma a jini ba ta nufin yaro ya koma yadda yake. Wani babban gwaji da aka yi wa yara 780 a Amurka, aka wallafa sakamakonsa a 2001, ya nuna cewa irin wannan magani ya rage dalmar jini, amma bai ƙara wa yaran komai ba a jarrabawar fahimta da ɗabi'a. Ɓarnar da dalma ta yi wa ƙwaƙwalwa ba ta cika gyaruwa ba. A Zamfara ma wasu daga cikin yaran da suka tsira sun fito da makanta, ko shanyewar gaɓoɓi, ko farfaɗiya.

Likitocin ciwon daji na yara sun riga kowa cin karo da wannan matsala. Kafin shekarun 1960, kusan duk yaron da ya kamu da sankarar jini mutuwa yake yi. Da magunguna suka inganta, yara suka fara rayuwa, sai aka ga wasu sun warke amma hasken da aka gasa musu kai da shi ya taɓa musu ƙwaƙwalwa da girman jiki. Ma'aunin Karnofsky na ƙarshen shekarun 1940 don manya aka yi shi, yana duba ko majinyaci na iya aiki da kula da kansa. A 1987 Shirley Lansky da abokan aikinta suka fitar da ma'aunin yara, daga 0 zuwa 100, inda iyaye ke bayyana yadda yaron ke wasa, tunda wasa ne aikin yaro.

A 1999 James Varni ya gabatar da PedsQL, wanda ya samo asali daga bayanan yara masu ciwon daji. Sigarsa da ta fi yaɗuwa tambayoyi 23 ce kan ƙarfin jiki, yanayin zuciya, zama da tsara, da karatu. Sabon abin da ya kawo shi ne, daga shekara biyar yaron da kansa ake tambaya, ban da amsar iyayensa. Bincike ya sha nuna cewa amsoshin biyu kan saɓa, musamman kan tsoro da damuwa, waɗanda ido ba ya gani.

Jariran da aka yi wa magani a Bagega a 2013 yanzu samari ne da 'yammata. Ko sun iya riƙe hadda a makarantar allo, ko tsara na tsokanarsu, ko suna iya wuni a gona: ba a karanta waɗannan a jini. Tambayarsu kuwa ba ta buƙatar na'ura, sai tambayoyin da aka mayar Hausa, aka daidaita su da rayuwar yaron da makarantarsa allo ce, aikinsa kuma kiwo, a yankin da 'yan bindiga suka hana zirga-zirga. Hukumomin lafiya da na ilimi na Zamfara, da irin waɗannan amsoshi ne za su san yaran da ke buƙatar aji na musamman, da waɗanda ke buƙatar maganin farfaɗiya ko koyon sana'a.