Ramin da Mai Shi Ya Tafi Ya Bari

Mu a Ribah ba mu san haƙar kwal ba. Arzikinmu dawa ce da masara da shanu. Amma duwatsun da ke ƙarƙashin ƙasar Zuru dangin waɗanda suka ba Anka da Yauri zinare ne, don haka tarihin ramukan da aka haƙa aka bari ya shafe mu.

A 1909 Turawan mulkin mallaka suka gano kwal a Udi, kusa da inda Enugu take yau. Kwal ɗin ne ya haifi birnin, shi ya riƙa tuƙa jiragen ƙasa. A ramin Iva Valley ne 'yan sanda suka harbe ma'aikata 21 ranar 18 ga Nuwamba, 1949, lokacin da suke neman haƙƙinsu. Daga baya jiragen ƙasa suka koma amfani da man dizal, yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya tsayar da aiki, ruwa ya cika ramuka da dama. Kasuwa ta watse, ramuka suka zauna.

Rami kuwa ba ya mutuwa don mai shi ya tafi. Masu haƙa kan bar ginshiƙai su tallafi rufin ƙasa. Da shekaru suka ja, ruwa ya ci ginshiƙan, sai rufin ya rufta, ƙasar sama ta lotsa da gida ko gonar da ke kanta. Kwal yana da wata masifar: idan iska ta ratsa shi yakan ɗumama har ya kama wuta da kansa. A Jharia ta Indiya wuta na ci a ƙarƙashin ƙasa tun 1916. A Centralia ta Amurka ta kama a 1962. Garin da ke da mutum sama da dubu ya koma kufai, wutar kuma har yau ba ta mutu ba.

Namu rabon a Arewa na kuza da zinare ne. A Jos kamfanonin kuza sun bar tafkuna masu zurfi da ke cin mutane da dabbobi. Haƙar zinare a Birnin Gwari da Minna da Yauri ta bunƙasa a shekarun 1930, ta durƙushe lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Da farashin zinare ya tashi, jikoki suka koma daji da diga da shebur.

Mun ga sakamakon a maƙwabta. A 2010 gubar dalma daga duwatsun da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma. A Nuwamban 2021 rami ya rufta a Ɗan Issa ta jihar Maraɗi, aƙalla mutum 18 suka rasu. A Yunin 2024 aka sake ganin irin haka a Galadima Kogo ta Shiroro.

Dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta wa mai lasisi ya gyara wurin da ya haƙa. To wa zai gyara ramin da ba a san mai shi ba? Da damina ciyawa kan rufe bakinsa, makiyayi da yaro mai neman itace ba su da labari.

Abin da ya fi ƙarfinmu mu bar wa hukuma, amma lissafin ramuka bai fi ƙarfinmu ba. Dagaci da mai unguwa sun san inda aka taɓa haƙa, wayar da ke hannunmu kuma tana iya nuna wurin a taswira. Mu rubuta, mu kafa alama, mu cike wanda za mu iya tun kafin ruwa ya sauka. Rigakafi ya fi magani.