Zuriya: Kalmar Da Ta Zo Daga Littafi Ta Zauna A Fada

A wurin ɗaurin aure, ba a tashi sai an roƙa wa ango da amarya zuriya ɗayyiba. Kalmar ta zauna a bakin Hausawa har ba a jin baƙuntarta, alhali asalinta Larabci ne, wato “zurriyya”. Harafin farkonta, zalun, Bahaushe ya mayar da shi “z”, kamar yadda ya yi a zikiri da izini da zunubi. Daga nan aka sami zuriya, wasu kuma su ce zuri’a.

Malaman lugga sun yi saɓani kan tushenta. Wasu sun danganta ta da “zara’a”, wato halitta. Wasu sun ce daga “zarru” take, sunan ƙananan tururuwa, saboda yawa da ƙanƙanta. Wasu kuma sun kai ta ga “zarwu”, watsuwar da iska ke yi wa ƙura. Duk ukun suna nuni ga abin da ya fito daga tushe guda ya bazu.

Kafin zuwanta Hausa tana da nata kalmomin. Tsatso sunan ƙugu ne, aka ara wa abin da ya fito daga gare shi. Iri daga gona aka ɗauko shi. Akwai kuma jika da tattaɓa-kunne, masu ƙidaya hawa-hawa. Zuriya ta shigo ta hannun malamai, ta tattara ’ya’ya da jikoki, maza da mata, a kalma ɗaya. Malaman tafsiri ma sun kafa hujja da Suratul An’am, inda aka lissafa Annabi Isa cikin zuriyar annabawan da suka gabace shi ta wajen mahaifiyarsa, cewa ɗan ’ya mace zuriya ne.

A fada kuwa ma’anar ta ƙuntata, domin gadon sarauta ta wajen uba ake bin sa. Tun hawan Ibrahim Dabo a 1819, sarautar Kano ba ta bar zuriyarsa ba. Amma a 1893, da Sakkwato ta naɗa Tukur ɗan Sarki Bello, ’ya’yan Abdullahi Maje Karofi suka ƙi, aka shiga yaƙin Basasa tsakanin jikokin mutum ɗaya. Da Yusufu, jagoran masu tawaye, ya rasu, suka zaɓi ƙanensa Aliyu Babba, wanda mahaifiyarsa ’yar Sarkin Musulmi Aliyu Babba ce. Ta wajen uba yake da haƙƙin gadon Dabo, amma jinin Shehu Usmanu da ya samu ta wajen uwa ya taimaka wajen sasantawa da Sakkwato bayan an kashe Tukur a 1895.

Har yau, duk sa’ad da gadon sarauta ko na gona ya tashi, wannan tambayar ake komawa kanta: su wa aka ƙidaya cikin zuriya, kuma ta wane ɓangare?