Shanun da Aka Zana a Duwatsun Birnin Kudu

Matafiyin da ya taso daga Kano zuwa Gwaram yakan ratsa Birnin Kudu ba tare da ya waiwayi duwatsun da ke gefen gari ba. Alhali a Dutsen Mesa da Dutsen Habude akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari, wanda masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya nazarta a shekarun 1950. Akwai kuma duwatsu masu amo kamar ƙararrawa, waɗanda a dā 'yan mata kan buga lokacin biki.

Abin lura shi ne, daga cikin shanun da aka zana akwai marasa tozo. Shanu masu tozo, irin waɗanda Fulani ke kiwo a yau, asalinsu yankin Indiya ne, daga baya suka bazu a Afirka. Zanen shaida ne na wani irin garke da ya ɓace daga wannan yanki.

A Indiyar ma, sai a 1957 V. S. Wakankar ya gano zane-zanen kogunan Bhimbetka. Hukuma ta killace wurin, UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2003, yau maziyarta na tururuwa can. Na Birnin Kudu suna cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare, amma doka kaɗai ba ta hana rana da ruwa da hannun mutane dusashe zane. In ya goge, babu mai sake zana shi.