Yadda JAMB ta shiga tsakanin ɗalibi da jami'a

Kafin 1978, kowace jami'a a Nijeriya ita ke zaɓar ɗalibanta. Ɗalibi mai hazaƙa kan nemi Ibadan, Zariya da Nsukka, ya samu duka, ya karɓi ɗaya. Sauran guraben sukan tashi a banza, alhali wasu na zaune a gida. Wannan asarar na cikin dalilan da suka sa gwamnatin soja ta kafa JAMB a 1978.

A 2005, saboda shakkar sahihancin sakamako, jami'o'i suka fara tasu tantancewar bayan ta JAMB. A 2017 aka ɓullo da CAPS, inda ɗalibi ke karɓar gurbinsa ta intanet. Don haka iyaye su kula: gurbin da bai bi ta CAPS ba, JAMB ba ta san da shi ba.