Gidajen Ganuwa na Ƙasar Ailan



Maganar da zan yi yau ta shafi tsibirin Ailan, wanda ke yamma da Ingila, da irin zaman da mutanensa suka yi tsakanin ƙarni na 6 da na 11 na Miladiyya. Malaman Kirista na wancan zamani sun cika littattafai da sunayen sarakuna da yaƙe-yaƙensu. Ni kuwa ta kan kufai zan bi, watau abin da masana ilmin kufai suka gani a bisa ƙasa, da abin da suka tono a ƙarƙashinta.

Duk wanda ya dubi karkarar Ailan daga sama, abin da zai fara ɗaukar idonsa shi ne wasu da'irori birjik cikin gonaki da makiyaya. Kowace da'ira tudun ƙasa ne da aka kewaya, da gwalalo a bayansa, da ƙofa guda wadda galibi ke duban gabas. Faɗin cikinta kimanin mita 30 ne. A harshen mutanen ƙasar ana ce mata rath ko lios. Inda duwatsu suka yi yawa kuwa, musamman a yamma, da dutse aka gina ta, sunanta caiseal. An ƙidaya fiye da 45,000, kuma har yau sunayen wurare kamar Rathmines da Lismore da Cashel suna ɗauke da waɗannan kalmomi.

An daɗe ana cewa sansanonin yaƙi ne na Baikin, watau maharan nan na teku da suka fito daga arewacin Turai. Awon kabon da ƙirgen zoben shekaru na jikin itace sun rushe wannan zance. Bayanan da Matthew Stout ya tattara a littafinsa na 1997 sun nuna cewa yawancinsu an zauna cikinsu ne tsakanin 600 da 900, alhali Baikin ba su fara kawo hari ba sai 795. Ashe dai 'yan ƙasa ne suka gina abinsu.

To, me suka gina? A nan sai mu yi hattara da kalmar ganuwa, domin mu idan an ambace ta birni ke faɗo mana a rai, irin ta Kano wadda ta kewaye unguwanni da kasuwa har da gonaki. Ta Ailan gida ɗaya tak ta kewaye. Daular Rum ba ta taɓa mallakar tsibirin ba, babu birane, babu kuɗin ƙarfe na ƙasar. Ƙananan masarautu ne kimanin 150, kowace ana ce mata tuath, jama'arta a warwatse, kowane mai hali da gidansa a tsakiyar filinsa. Tudun da bai fi tsayin mutum ba, ba zai tare runduna ba. Amma zai tare kyarkeci, zai kuma jinkirta ɓarayin dare har maigida ya farka ya yi kururuwa, maƙwabta su kawo gudunmawa. Abin da ake tsaro kuwa shi ne shanu. Ƙasusuwan da ake tonowa a waɗannan kufai na shanu sun fi yawa, littattafan tarihin shekara-shekara cike suke da labarin harin shanu, kuma babban labarin jaruntakarsu, Táin Bó Cúailnge, a kan ƙwace bijimi ɗaya aka gina shi.

Abin da ya sa tarihin Ailan ke da daɗin nazari shi ne, ana iya aza rubutu kusa da kufai a gwada. Akwai wani littafin shari'a mai suna Críth Gablach da aka rubuta wajen shekara ta 700, wanda ya jera darajojin 'ya'ya, watau waɗanda ba bayi ba, ya faɗi abin da ya kamata kowa ya mallaka. Ƙaramin manomi, ócaire, yana da saniya 7 da bijimi, da alade 7, da tunkiya 7, da doki ɗaya. Rubu'in garmar shanu ne nasa, sai ya haɗa gwiwa da wasu uku kafin ya yi huɗa. Faɗin ɗakinsa ƙafa 19. Babban manomi, mruigfer, yana da saniya 20 da takarkari 6, ɗakinsa ƙafa 27. Ɗakin sarki ƙafa 37 ne, faɗin gidansa ƙafa 140, sa'an nan akwai ganuwa ta biyu wadda barorinsa ke haƙa masa. Barorin nan manoma ne da suka karɓi shanu daga hannunsa, suna biya da abinci da aikin ƙarfi kowace shekara. Saboda haka idan ka ga kufai mai ganuwa biyu ko uku, yawan hannuwan da mai gidan ke iya tarawa kake gani. Mafi yawan kufan ganuwa ɗaya gare su.

Lalle mai hankali zai ce, ai wannan lissafin malaman shari'a ne, su kuwa ko'ina suke suna son su tsara duniya fiye da yadda take. Ni ma ina ganin akwai ƙamshin gaskiya a nan. Da wuya a ce kowane ƙaramin manomi tumakinsa 7 cif. Amma tonon da Chris Lynn ya shugabanta a Deer Park Farms, cikin gundumar Antrim, daga 1984 zuwa 1987, ya sa dole a girmama littafin. A wurin, mazauna sun yi ta zuba ƙasa bisa tsofaffin ɗakuna suna gina sababbi, damshi ya riƙe na ƙasan bai bar su sun ruɓe ba. Aka tarar da ɗakuna masu kewaye, na saƙar tsumagu, bango biyu-biyu, an cusa ciyawa da gansakuka a tsakani don maganin sanyi. Wasu an manna su biyu, babba da ƙarami, sai ta cikin babban ake shiga ƙaramin. An sami wuraren kwanciya a jikin bango, da madogaran ƙofa na katako waɗanda zobensu ya nuna an sare itacen a 648, har da ƙwarƙwata da ƙuma ba su ɓace ba. Irin waɗannan ɗakuna a Ailan faɗinsu ya fi tsayawa wajen mita 6, ƙafa 19 kuwa mita 6 ce saura kaɗan. Malamin shari'a dai da idonsa ya ga abin da ya rubuta.

Sai dai akwai waɗanda ganuwa ba ta ba da labarinsu. A shari'ar ƙasar babban ma'aunin dukiya shi ne cumal, ma'anarsa baiwa, ana kuma ƙimanta shi da saniyar tatsa 3. Patrick kansa, wanda Kiristocin Ailan ke ɗauka ubansu a addini, ya rubuta cewa kamo shi aka yi daga Birtaniya yana ɗan shekara 16, ya yi shekara 6 yana kiwo cikin bauta. Bawa ba ya barin tudu a bayansa. Amma a Lagore, cikin gundumar Meath, wani tsibiri da aka gina da hannu a tsakiyar tafki ya zama fadar sarakunan kudancin Brega, Hugh Hencken na Jami'ar Harvard ya yi tono daga 1934 zuwa 1936, ya fito da marin wuya na ƙarfe da sarƙoƙinsu. Wasu masana na cewa na bayi ne, wasu na cewa na mutanen da ake riƙewa garkuwa ne.

Daga ƙarni na 10 aka rage gina waɗannan gidaje. Baikin sun kafa sansani a Dablin a 841, ya zama gari, aka buga kuɗin azurfa na farko a can wajen 997. Noman hatsi ya ƙaru, ƙananan masarautu suka shige ƙarƙashin manya. A ganina wannan na ƙarshe shi ne ya fi nauyi: da iko ya taru a hannun 'yan kaɗan, sai matsayin manomi mai cin gashin kansa ya zube, ganuwar da ke shelar matsayin nan ta rasa amfani.

Yadda kufan suka kai har zamaninmu kuwa, tsoro ne ya tsare su. Manoman baya sun ɗauka gidajen aljanu ne, wanda ya sa garma a ciki ko ya sare ƙayar da ta tsiro a kai zai ga abin da ba ya so, a jikinsa ko a garkensa. Sai su yi noma su kewaye. Taswirorin da gwamnatin Ingila ta sa aka zana wa Ailan tsakanin 1824 da 1846 sun nuna su dubbai. An kafa dokar kare kayan tarihi a 1930, amma da katafila ta shigo, aka shiga haɗe ƙananan gonaki, musamman bayan ƙasar ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1973, an baje masu yawan gaske. Waɗanda aka baje ɗin ma ba su ɓace sarai ba. Gwalalon da aka cike ya fi riƙe damshi, don haka a shekarar fari, kamar 2018, amfanin da ke bisansa yakan yi kore shar alhali na kewaye ya bushe, sai da'irar ta sake fitowa a hoton da aka ɗauka daga sama.